Tukubar da Muka Ƙera wa Inna

Darasin da nake koyarwa a jami'a ba shi da wani gajeren suna da Hausa. Idan 'yan garinmu suka tambaye ni, nakan ce ina koya wa manyan ɗalibai, masu neman digiri na biyu, yadda ake tsara abu domin mutum. Kafin ka ƙera wa wani kujera, je ka ga yadda yake zama. Ka saurare shi, ka gano ainihin abin da ke damunsa, ka kawo dabaru, ka yi samfuri mai araha ka kai masa ya gwada, in bai yi ba ka koma baya. Darasin ke nan gaba ɗayansa. Wani ƙanen babana da na taɓa yi wa wannan bayani ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To wannan har sai an je jami'a?" Na ji haushi sosai, don na san gaskiya ya faɗa.

Ɗalibaina ba yara ba ne. Akwai injiniyoyi, akwai ma'aikatan gwamnati masu tumbi da makullin mota a hannu, akwai iyayen 'ya'ya. Abu mafi wuya shi ne ka sa irin waɗannan mutane su yi shiru su kalli wani. Ni kuma ina da faɗa, ban ɓoye ba. Na sha gaya musu cewa sun zo da amsa a aljihu, suna yawon neman wanda za su liƙa wa. Akwai ranar da na yayyaga takardar tambayoyin wani a gaban aji, domin tambayarsa ta farko ita ce, "Shin kana son rayuwarka ta inganta?" Wa zai ce ba ya so?

A wani zango na yanke shawarar kai ajin ƙauyenmu, a bakin tafkin Kainji, ƙasar Ngaski. A takardar da na rubuta wa sashenmu na ce za mu yi nazarin aikin mata masu bandar kifi. Hakan ne, amma akwai abin da ban rubuta ba. Inna, mahaifiyata, tun ina goye take banda. Duk zuwan da na yi gida sai in hango ta tsugune gaban tukuba, wato murhun laka da ake shimfiɗa ragar waya a kai a jera kifi, hayaƙi ya turnuƙe ta, tana share hawaye da gefen zane. Tsorona shi ne hayaƙin nan ya cinye mata idanu. Na yi ta aika kuɗi in ce ta huta, ta ƙi. Sai na ce to, tunda ba za ta bar tukuba ba, bari in raba tukubar da hayaƙi.

Sai na faɗi wani abu a nan, in ba haka ba ba za a gane sauran labarin ba. Ni ne ɗan farinta. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama hira da ni, ba ta ɗaga ido ta dube ni. Idan tana da saƙo sai ta faɗa wa ƙanwata ina tsaye a wurin, "Ki ce da shi abinci na nan." Ni ma haka na tashi. In durƙusa daga nesa in gaishe ta kaina a ƙasa, ta amsa tana kallon wani gefe. Ban taɓa jin wannan a matsayin rashin so ba. Na san wadda ke ajiye mini tsokar kifin giwan ruwa mafi kyau a ƙasan kwando.

Mu bakwai muka je. Ɗaliban suka bazu gidaje suna tambaya, mata suna amsawa da fara'a. Me ya fi damun ku? Hayaƙi. Sai kuma? Tsadar itace. Muka dawo muka cika allon makarantar firamaren garin da ƙananan takardu masu launi, muka rubuta matsalar da manyan baƙaƙe. Wani injiniya a cikinsu, mutum mai kaifin kai da saurin baki, shi ya zana abin da za a ƙera. Akwati ne na ƙarfe mai ƙofa, da faranti uku na raga a ciki, da bututu mai fitar da hayaƙi sama da kan mutum. Ya sa 'yar taga ta gilashi domin a leƙa kifi ba sai an buɗe ba, da ma'aunin zafi mai allura, wanda in allurar ta kai ja sai a rage wuta. Wani mai walda a Yauri ya haɗa mana shi cikin kwana huɗu. Wallahi da na gan shi a tsaye sai da na ji alfahari.

Muka sauke shi a tsakar gidanmu. Inna ta fito ta zagaya shi a hankali, tana shafa shi da tafin hannu tun daga ƙofa har bututu. Ta juya wajen ɗaliban ta ce, "Madalla da wanga aiki. Allah shi yi muku albarka." A littafina na rubuta cewa ta yi ta shafa shi don murna. Ranar ɗaliban da kansu suka jera tarwaɗa, injiniyan ya tsaya kan allura, kifi ya fito jawur, ko ɗigon hawaye babu wanda ya yi. Muka ɗauki hotuna muka koma makaranta.

Bayan mako uku muka dawo domin mu ga yadda ake amfani da shi. Tun a zaure ƙanwata ta tare ni. Ta ce sau biyu Inna ta gwada, sau biyu kifi ya ƙone ƙurmus, kwando guda guda, har masu kamun kifin da suke kawo mata banda suka fara magana. Inna ta ce laifin itace ne. Ta koma tsohuwar tukubarta, sai da ta ji muna tafe ta sa aka goge akwatin aka hura masa wuta.

Injiniyan ya ce ai matsalar a fili take, matan suna bukatar horo. Na taso masa a gaban kowa. Na ce wato abinka ba shi da laifi, mutane ne ba su iya ba, to me ka zo koya a ajina? Na wanke shi tas. Ban cika minti goma da gama wannan faɗa ba na shiga gida, na tsaya gefen akwatin, na shiga yi wa Inna bayanin allura da ƙarfi kamar mai magana da kurma. Ina nunawa da yatsa ina cewa ga fari, ga ja, in ta zo nan a janye itace. Na ce wa ƙanwata, "Tambaye ta ko ta gani." Inna ta ce, "Ki ce na gani."

Akwai wata ɗaliba a cikinsu, malamar gona ce 'yar Shanga, wadda ta fi kowa shiru. Na sha yi mata tsiya cewa littafinta ya fi na kowa tsabta don ba ta rubuta komai. Ita ce ta zo ta ce in ba ta izini ta zauna wajen Inna kwana biyu, ba littafi ba tambaya. Na ce je ki, dama ba ki saba rubutun ba. Ta ɗaura zane a kan rigarta, ta ɗauki wuƙa ta zauna fiɗar kifi. Duk lokacin da na wuce sai in gan su su biyu cikin hayaƙin tsohuwar tukuba, ba mai cewa uffan.

Rana ta biyu bayan la'asar ta same ni a bakin ruwa, inda ake ɗaure jirage. Ta tsaya ɗan nesa ta ce, "Malam, akwai maganar da aka ce kada in faɗa maka, amma na ga ba zan iya riƙe ta ba. Inna ba ta gani."

Na ce ai na sani, hayaƙi yana sa mata hawaye, shi ya kawo mu.

Ta ce, "Ba haka nake nufi ba. Ido ɗaya ya tafi gaba ɗaya. Ɗayan inuwa kawai yake nuna mata."

Sai ta shiga lissafa mini. Wuƙar Inna kullum wuri ɗaya take, a kan dutse ɗaya. Daga ƙofar ɗaki zuwa tukuba hanya ɗaya take bi, hannunta na taɓa igiyar shanya. Da ɗalibar ta matsar da roba kaɗan ba da niyya ba, sai Inna ta miƙa hannu ta damƙi iska. Ba da ido take sanin kifi ya yi ba. Da hanci take sani, domin ƙamshin hayaƙin yana sauyawa idan ruwan jikin kifi ya tsane. Da kunne take sani, daga yadda mai ke ɗiga a kan garwashi. Zafin wuta kuwa da bayan hannu take auna shi. Mu kuma muka zo muka kulle kifin a cikin ƙarfe, muka kai hayaƙin sama inda hancinta ba ya kaiwa, muka ba ta gilashi da allura. Da ɗalibar ta tambaye ta a hankali, Inna ta ce, "Ɗiyata, wanga akwati ya toshe min hanci da kunne. Amma shi ya kawo shi gaban baƙinai, mi zan ce?" Ta kuma roƙe ta kada ta gaya mini, don in na ji zan ɗauke ta in kai ta birni in ajiye a ɗaki gaban fanka, in raba ta da aikinta.

Na yi fushi, kuma a kan ɗalibar na sauke shi. Na ce uwata ce fa, kwana biyu kika yi da ita za ki gaya mini abin da ban sani ba? Na bar ta a nan na nufi gida da sauri. Na shiga ba sallama, abin da ban taɓa yi ba, na tsaya gaban Inna taku uku tsakaninmu, rana tana haska ni sosai. Ranar ce na fara duban fuskar mahaifiyata kai tsaye tun da na yi wayo. Ta ɗago ta dube ni ita ma, babu kunya babu kawar da kai, don ba ta san ni ba ne. Ta ce, "Ɗiyata, ke ce? Miƙo min itacen nan." Na miƙa mata. Na fita bayan gida na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar babana.

Washegari na tara ɗaliban na gaya musu komai, na kuma ba malamar gonar haƙuri a gabansu. Na ce shekara da shekaru ina koya wa mutane kallo, ga shi ban kalli wadda ta haife ni ba, kuma al'adar da na fake da ita ba ta hana ni tambayar ƙanwata ko lura da hannun Inna ba. Injiniyan ne ya fara tashi, ya ce a ba shi guduma da kurfin huda ƙarfe. A tsakar gida ya fasa gilashinsa da hannunsa, ya cire ma'aunin, ya huda wata 'yar kafa a jikin bututun daidai tsayin hancin mai tsugune, ya yi mata marfi da gwangwanin madara. Ya yanke ƙasan ƙofar domin a ji ɗigar mai, a kuma iya kai bayan hannu. Wannan karon Inna ce ta tsaya a kai, mu muna gefe. Ta buɗe marfin ta shaƙa ta rufe, ta jira, ta sake buɗewa. Can ta ce wa ɗalibar, "Ƙofar ga ta cika nauyi, kuma farantin sama ya yi nisa." Ban taɓa jin daɗin kushe irin na ranar ba. Tun daga lokacin nake gaya wa kowane aji cewa a ƙasarmu, in ka kai wa mutum abu ya ce madalla, ba ka ji komai ba tukuna.

Saura maganar asibiti. Kwana uku ƙanwata tana kai da kawowa tsakaninmu, ni a zaure Inna a ɗaki. Sai da na yi alkawari, ƙanen babana yana shaida, cewa ko me likita ya ce zan dawo da ita gidanta da tukubarta, sannan ta yarda ta shiga mota.

Likitan ido ya daɗe yana haska mata fitila. Ya ce na hagu ba abin da za a iya yi masa. Na dama akwai ɗan saura, za a ba ta maganin ɗigawa don a riƙe abin da ya rage. Ya ce irin wannan ciwo a hankali yake ci, kuma ba lallai hayaƙi ne ya kawo shi ba, da an zo da wuri da an tare shi. Sai ya juyo gare ni, da ya ji an ce malamin jami'a ne, ya ce, "Malam, tun yaushe ta fara wannan lalube?"

Ban san ko shekara biyu ba ne ko biyar. Likitan ya ajiye alƙalaminsa.

Inna ce ta yi magana, fuskarta na kallon bango. Ta ce, "Likita, kada ka ga laifinai. Ba ya gari, karantarwa yake yi. Kuma ni ce ban faɗi ba."