Ramin da Ya Ƙi Cika

Ban san mahaifiyata ba. Ta rasu ina goye, a shekarar da sanƙarau ya shiga garinmu, kuma har furfura ta fara fito mini a gemu ban taɓa tambayar inda aka binne ta ba. A wajenmu ba a yin wannan tambayar. An yi wa mutum sutura, an kai shi, an dawo, saura addu'a. Makabartar da na sani tana gabas da gari, sai na ɗauka tana can cikin waɗanda ƙasa ta shafe.

Ƙauyenmu yana kusa da Tsanyawa, inda ba a barin ƙasa ta huta. Gona na jikin gona, ko gefen hanya sai ka ga wani ya soka kuɓewa. Amma arewa da gari akwai fili guda da ba mai nomawa. Fako muke ce masa, alhali ciyawa na fitowa a cikinsa har gwiwa. Muna yara an hana mu ratsa shi, ba a faɗi dalili ba, mu ma ba mu nema ba.

Damina uku da suka wuce gwamnati ta kawo shirin dashen itatuwa a filayen hukuma, aikin sa kai. Wani ma'aikaci ya zo a babur da taswira, ya ce a takarda fakon nan na hukuma ne, a nan za a dasa dalbejiya. Ni malamin firamare ne, kuma ina da rawar kai, ba zan ɓoye ba. Kafin mutumin ya rufe baki na ɗaga hannu. Aka naɗa ni shugaban masu aikin, aka ba ni riga mai tambari, na saka ta har masallaci.

Na sami Babana a zaure yana tufkar igiya, na ce, "Baba, za mu dasa itace a fakon arewa."

Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, "Itace ai inuwa ne. Allah ya ba da lada."

Daga baya na gane abin da ya faru. Shi da sauran dattawa sun ɗauka irin dashenmu za a yi, sara ɗaya da fartanya, a tura ƙasa da ƙafa. Ba su san ma'aikacin ya ce kowane rami sai ya wuce gwiwa ba. Ga shi ba mai son a ce shi ne ya ce wa hukuma a'a. Shi ya sa kowa ya ja bakinsa.

Ranar Asabar da hantsi muka fita, mu kusan ashirin, da dagi da shebur, an yi ruwa jiya ƙasa ta yi laushi. Wani maƙwabcina mai sayar da ruwa ya turo kurarsa cike da jarkoki. Muka shiga ana barkwanci, ana tsokanar wani tela wai hannunsa bai san komai ba sai almakashi. Muka sassabe ciyawa, na ja igiya, na nuna wa kowa wurinsa. Ban san lokacin da hirar ta mutu ba. Na dai farga ba na jin komai sai ƙarar dagi, ko kukan kurciya babu, ga gari kusa amma kamar an toshe mana kunne.

A ramina na uku dagin ya bugi wani abu ya ce ƙwas, sannan ya zurma har rabinsa ba tare da na danna ba. Na sa hannu na zaro tsingaro, fasasshiyar tukunya baƙa. Telan ma ya ɗago nasa, na gaba da shi ma haka. Da yake ni ne malami, dole in yi bayani. Na ce kufai ne, mutanen da ne suka zauna a nan. Na faɗa da ƙarfi don in ji muryata.

Na karɓi jarka na tuttula ruwa a ramin don in dasa. Ruwan ya wuce. Na ƙara ta biyu, ita ma ta wuce, ana jin saukarsa can ƙasa kamar ana zubawa a randa. Wata iska mai sanyi ta fito daga ramin ta taɓa mini hannu.

Mai ruwan ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Malam, bar ruwan nan. Ɗaga kai ka dubi filin."

Na duba. Yanzu da ciyawa ta kau, ƙasar ta nuna kanta. Ta lotsa wuri-wuri, dogo-dogo, tsawon mutum, wasu gajeru ƙwarai. Duk sun miƙe kudu da arewa, yadda ake kwantar da mamaci ya fuskanci alƙibla. Tukwanen nan su ne waɗanda ake fasawa a rufe kabari da su kafin a tura ƙasa. Muna tsaye a kansu, mu ashirin, da takalmanmu.

Aka kira liman. Ya zo yana salati, ya ce a shekarar sanƙarau gawa ta yi yawa, masu ɗauka suka yi kaɗan, sai aka riƙa binnewa a nan don ya fi kusa. Ya ce a mayar da ƙasa, in za a dasa a dasa sama-sama a gefe. Mutane suka shiga rufe ramukansu da sauri, ba mai duban wani. Ni na bar nawa a buɗe na nufi gida. Haushin Babana nake ji, haushin da ban taɓa ji ba.

Ban ko zauna ba na ce, "Baba, Innata tana can?"

Ya ajiye igiyar. "Tana can."

"Kuma ka bar ni na ɗauki dagi na tafi?"

Ya lalubi sandarsa ya miƙe, na bi shi a baya. Kafin mu isa kowa ya watse, sai dalbejiyoyin a cikin leda an jere su a bakin fili. Baba ya cire takalmi, ni ma na cire. Ya shiga yana bi tsakanin lotsattsun wuraren a hankali, ya je ƙarshe, ya dawo, ya sake komawa. Na tsaya a bakin ramina ina kallonsa. Da ya iso kusa na nuna masa.

"Wannan ne nata?"

Ya leƙa ramin ya daɗe. Sannan ya ce, "Ban sani ba."

Na ɗauka rowar magana yake yi mini, har na buɗe baki. Sai ya riga ni.

"Ranar da aka kawo ta ina kwance, ciwon ya kama ni, ban san inda kaina yake ba. Da na tashi na zo nan, na tarar da su a jere, duk ƙasa ɗanya. Mutum uku suka sa ta. Biyu sun bi ta a makon. Na ukun na ji nauyin tambayarsa, ina cewa gobe, har shi ma ya tafi." Ya goge ido da bakin rigarsa. "Tun kana rarrafe nake tsoron ranar da za ka tambaye ni."

Haushin ya zube, tausayinsa ya kama ni. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauki tsingaron da na zaro, ya mayar da shi bakin kabarin yadda yake. Na kai hannu ga shebur, ya riƙe ni.

"Da hannu," ya ce. "A hankali. Ko ba taka ba ce, ta wani ce."