Hedimasta Armaya'u da Malamin da Bai Dawo Ba

Malam Armaya'u mutumin Darini ne. A zamanin Turawa, hukumar En'e ta tura shi hedimastan wata 'yar elementare a ƙasar Ruma. Mutum ne mai tsare aiki, sai dai bakinsa bai iya yabo ba. Malamansa uku in sun ji takunsa har gyara tsayuwa suke yi.

Cikinsu akwai Malam Sammani mai koyar da lissafi. Shi ke bin gida-gida yana lallashin iyaye su bar 'ya'yansu su zo boko, shi ya sa ajinsa kullum a cike.

Ran nan Baturen makarantu ya zo dubawa, ya tarar Sammani ya fito da yara gindin tsamiya suna ƙirga da tsakuwa. Baturen na tafiya, Armaya'u ya tara makaranta kaf.

"Malam Sammani, aji aka ba ka ko dandali?"

Sammani ya ce, "Ranka ya daɗe, zafi ne ya yi wa yaran yawa a ciki."

"Rufe mini baki! Ka kunyata ni gaban Bature."

A gaban ɗalibansa aka yi masa haka. Sammani ya ajiye alli, ya koma garinsu Babban Duhu ya kama noma. Kafin wata biyu rabin ajinsa ya watse. Armaya'u ya rubuta takardar kiransa, amma ya riƙe ta, yana jira Sammani ya fara zuwa ban haƙuri. Da bazara sanƙarau ya ɗauke Sammani.

Armaya'u ya je ta'aziyya. Kulu, matar mamacin, ta yi magana daga bayan zana: "Malam, har ranar da ya kwanta yana tambaya ko kun aiko."



Daga nan Armaya'u ya sauya. Ya daina tsawa, ya koma neman shawarar malamai, babu wanda ya sake barin aiki a hannunsa. Amma hankalinsa bai kwanta ba. Da rana tsaka, yana zaune a ofis, sai ya ji sallama da muryar Sammani. Ya amsa, ya leƙa, ba kowa. Malamai suka saba da jin yana amsa sallamar da ba su ji ba, ba su taɓa tambayarsa ba.

Shekara tara yana haka. Sannan ya ajiye aiki ya koma Darini, ya riƙa noman gero har Allah ya yi masa rasuwa.