Muryoyin da Malam Dauda ya bar mana a bakin Rima

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Dauda. Mutanen Wurno ne suka raɗa masa wannan suna, don nasa na Turanci ya ƙi zama a bakinsu. Ba'amurke ne, malamin tarihi a wata jami'a ta ƙasarsu, kuma aminina na shekara talatin da 'yan kai.

Ina koyar da tarihi a sakandare lokacin da ya fara zuwa. Na zaci gidajen sarauta zai nufa kamar sauran masu bincike, sai ya ce in raka shi bakin gulbi. Masunta yake nema, da manoman albasa, da tsofaffin mata masu tuna shekarun yunwa. Na ce masa ai waɗannan ba su da wani tarihi. Ya dube ni ya ce, "To, wa ya ciyar da masu tarihin?" Kunyar da na ji ranar ba ta sake ni ba har yau.

Hausar littafi ya zo da ita. A Kagara, wani ƙauye kusa da Goronyo, wani dattijo, Baba Ummaru, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Mi kac ce, ɗan nan? Sake hwaɗi da Hausa." Aka fashe da dariya, ta Malam Dauda ta fi ta kowa. Damina uku bayan nan, in yana magana a bayan danga sai ka rantse ɗan Rabah ne.

Duk dogon hutu yana nan tare da mu da rikodarsa. Abokan aikinsa suka yi ta wallafa littattafai suna samun ƙarin girma, shi kuwa ya ƙi sakin nasa sai ya dawo ya karanta wa waɗanda suka ba shi labarin. Inda suka ce ba haka ba ne, ya gyara. Da furfura ya zama farfesa, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Ƙauyukan da muka shiga a kan babur ba fargaba, wasu 'yan bindiga sun watsa su. Ina jin zai tambaya ina mutanen suka koma, ya bi su can.

Ni ban yi hakan da wuri ba. Bayan rasuwarsa 'yarsa ta aiko mini da duk hirarrakin da ya ɗauka, na adana su na bar su, don ba na iya jin muryarsa. Sai bara na daure na zuba su a waya, na kai wa wasu 'yan gudun hijira a Goronyo, mutanen wani ƙauye kusa da Shinaka. Na kunna hirar wani manomi da ya daɗe da rasuwa, yana lissafa gonakin ƙauyen, daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, kowace da mai ita. Wata tsohuwa, Inna Hassi, ta dafa ƙasa ta matso.

"Babana na," in ji ta. "Malam, maishe shi baya. In munka koma, da wanga za mu gane iyakar gonarmu."

Ba ta yi kuka ba. Jikokinta ta kira, ta ce su zauna su haddace.

Littattafansa suna can a ɗakunan karatu da yawancinmu ba za mu taɓa shiga ba. Abin da ya rage mana a nan shi ne ɗabi'arsa ta zama a ƙasa a saurari talaka har ya gama. Na yi ritaya, gwiwoyina sun fara gardama, amma duk mako ina zuwa Goronyo, ina ɗaukar muryoyin waɗanda aka raba da gidajensu. Na ɗauki muryar Inna Hassi sau huɗu, ta ce ba ta ko kai rabi ba. Jibi zan koma.