Likitar Mutanen Gude

Shekara guda na yi ina karanta ilimin ƙwayoyin cuta a wata ƙaramar jami'a a wata jihar, kafin Allah ya ba ni canjin makaranta zuwa Kano, sashen likitanci. Sharaɗin da aka gindaya mini shi ne in koma aji ɗaya, ajin share fage, inda ake tankaɗe ɗalibai. Wanda ya haye ya shiga karatun likita na gaske, wanda ya gaza a tura shi wani sashen. Na sa hannu da murna.

Abin da ya biyo baya laifina ne. Ranar da na sayi farar rigar shiga lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, na tsaya gaban madubi na ɗauki hoto na tura wa yayata a Gude. Ita ta nuna wa Inna, Inna ta nuna wa Baba, Baba kuwa ya karɓi wayar ya tafi da ita majalisa. Rigar da muke sawa don kada asid ya ƙona mana atamfa, ita ce ta zama shaidar gama karatu. Daga ranar sunana ya ɓata. Har tsofaffin da suka goya ni Likita suke ce mini, ni kuma ban hana ba, don gaskiya yana yi mini daɗi.

A lokacin nan iyakar abin da na taɓa feɗewa kwaɗo ne, sai kyankyaso guda biyu. Sauran ilimina shi ne ɗiga wani ruwa cikin wani ruwa har launinsa ya canza.

A garinmu mutum ba ya zuwa babban asibitin birni haka kawai, sai ya nemi na gida ya shige masa gaba. Da can wani ɗan garinmu mai sayar da taya ake nema. Yanzu ga likita sukutum Allah ya kawo, kuma mace. Baba ba ya tambayata ko ina da sarari. Kira yake yi, mu gaisa har ya tambayi gajiya da zafin birni, sannan ya ce gobe za a zo. Shi ke nan. Sai in tare su a inda motar Kabo, wadda mutanen garinmu ke shiga, ke sauke mutane, da ledar tsofaffin kwalayen magani a hannu ɗaya, tsarabar wake ko daddawa a ɗayan.

Na ƙware, ban da yabon kai. Na san tagar yankar kati, na san mai gadin da ke buɗe ƙofa da ya hango farar riga. In mun shiga wurin likita, matan ba sa yi masa bayani. Ni suke raɗa wa a kunne in faɗa masa, alhali shi ma Bahaushe ne, yana jin kowace kalma. In ya rubuta magani mun fito, sai su miƙo mini takardar in duba ko ya rubuta daidai. Ni kuma in ƙura mata ido, ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, in gyaɗa kai in ce babu laifi.

Matsalar ita ce ranar Talata. Ranar ake ganin likitan mata da na ido, ranar kuma muke da lab ɗin kemistiri da safe. Malamar da ke kula da mu ta faɗa tun makon farko cewa duk wanda ya rasa lab sau uku ba zai zauna jarabawarta ba, wanda bai zauna ba kuwa ya yi sallama da likitanci. Ba ta da faɗa, rajista kawai take kira ta ja layi.

Layin farko matar maƙwabcinmu ce ta jawo mini shi. Na biyu wata tsohuwa ce daga Durun, wadda har yau ban san dangantakarmu ba, labarina ne kawai ya kai can. A ranar na kira Baba na yi masa bayani dalla-dalla, na ce saura ɗaya. Ya saurara har na gama.

"Ki gaya wa malamar taku asibiti kika je," in ji shi. "Ai duk aikin ɗaya ne."

Bayan mako uku ya kira wata Litinin ya ce Gwaggo za ta zo, yanar idonta ta rufe. Gwaggo yayarsa ce, a wurinta aka yaye ni, a ɗakinta na kwana har na shiga firamare. Duk da haka na daure na ce masa ba zan iya ba, a bari sai wani makon da babu lab. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ce wa Baba a'a. Ya ce to, na kuwa ɗauka ya ji.

Da safe na fito daga hostal, riga a kafaɗa, littafi a hannu, sai ga ta zaune a kan dakalin bakin ƙofa. Direban motar Kabo ne ya kawo ta har nan ya ajiye. Ta rungume wata 'yar roba ta man shanu a cinya, duk takun da ta ji sai ta juya fuska ta ce, "Likita ce?" 'Yan mata suna wucewa, wasu na dariya.

Ba ta gani. Ko na bi ta gabanta ba za ta sani ba. Na kuwa bi, na wuce ta da taku huɗu ko biyar, ina ɗaga ƙafa a hankali kamar ɓarauniya. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan lokacin ba. Na dawo na durƙusa na ce, "Gwaggo, ina kwana." Ta lalubo fuskata ta ce na rame.

Na kai ta asibiti, aka ba ta ranar aiki, aka yi, ido ya buɗe. Malamar kuwa, da na je mata bayan ta ja layi na uku, ta saurare ni tsaf, har ta yi wa Gwaggo fatan samun sauƙi, sannan ta ce da na zo mata tun layin farko da an san abin yi. Da sakamako ya fito, sai na tarar da sunana a sashen ilimin tsirrai. Na yi kuka kwana biyu, ina jin haushin kowa, har da kaina.

Da hutu na je gida na sami Baba a zaure yana gyaran igiyar shanu. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya sunkuyar da kai a kan igiyar, har na fara jin tausayinsa. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na ce amin.

"Kada ki gaya wa kowa tukuna," ya ce. "Akwai mata biyu da na riga na yi wa alkawari."