Yadda Ya Falmata Ta Mai Da Ni Ɗalibar 'Yata

Shekara tara ke nan da rasuwar Ya Falmata. Bazara ce mai zafi, ko ganyen dogonyaro ba ya motsi, a shekarar da kowa a unguwarmu ta Mafoni ke magana ƙasa-ƙasa saboda tsoro, makaranta yau a buɗe, gobe a rufe. Ita ce malamarmu ta yaƙi da jahilci. A hannunta na fara rubuta sunana, ina da 'ya'ya huɗu. Amma saboda 'yata Yagana nake tuna ta yau.

Ban taɓa ganin yarinya mai ƙoƙarin Yagana ba. Da ta idar da sallar asuba sai ta ɗauki littafin kimiyya, tana rangaji tana rera shi, yadda aka koya mata hadda a Islamiyya. Shafi guda takan kawo shi da ka. Amma duk lokacin da sakamako ya fito, tana can ƙasa. Da aka ce ta sake maimaita aji, babanta ya ce zango ɗaya ya rage mata, in abin bai canja ba ta koma koyon ɗinki wurin ƙanwarsa. Ba mugunta ba ce. Gani yake yarinyar na shan wahalar banza.

Na kai wa Ya Falmata kukana. Ta sa Yagana ta karanto darasin yadda ruwan sama ke samuwa, ta kawo shi tas. Sai ta tambaye ta me ya sa murfin tukunya ke ɗigar da ruwa. Idon yarinya ya ciko.

"Kanki lafiya lau, 'yata," in ji ta. "Kaya kika adana, ba ki taɓa kwance ƙunshin ba. Daga yau rufe littafi ki koya wa mamanki, da Kanuri. In ba ta gane ba, ke ce ba ki gane ba."

Ni aikina ɗaya ne, in riƙa cewa me ya sa. Kullum bayan la'asar ina tsinkar yakuwa Yagana tana bayani. Wani lokaci ta fusata, ta kira ni yadda ake kiran uwa da Kanuri, ta ce, "Ya, yanzu fa na faɗa miki." In ce Malama a yi haƙuri, ɗalibar ce ta tsufa. Babanta in zai wuce masallaci yakan tsaya ya tambaya yau wa ta faɗi, uwa ko 'ya.

Ƙarshen zango ba ta zo ta ɗaya ba, tsakiyar aji ta hau. Babanta ya daɗe yana duban sakamakon, sannan ya ce a gaya wa ƙanwarsa ta nemi wata. Wannan Ya Falmata ta gani, ta yi guɗa a tsakar gidanmu. Sakamako na gaba bai same ta da rai ba.

Yanzu Yagana malamar kimiyya ce a wata sakandare a Bulumkutu. Nakan ce da Ya Falmata za ta ga yaran yau suna kwafo amsa daga waya, ba za ta yi faɗa ba. Cewa za ta yi a kife wayar, a je a koya wa kaka. Ba ta bar gida ko gona ba. Tambayar nan ta bari, kuma har yau tana aiki.

Juma'ar da ta wuce Yagana ta sauka daga keke da wata ɗalibarta, Ngozi, wadda iyayenta ke wuni a shago a kasuwa. Ta ce, "Ya, ga wata irina. Ba ta da wanda za ta koya wa."

Washegari da safe na share gindin dogonyaro, na shimfiɗa tabarma, na ɗora tukunya a wuta da murfinta. Da yarinyar ta yi sallama, na ce Malama Ngozi ta rufe littafin, ɗalibarta ta shirya.