Mutari, mai yi wa na'ura ƙaura

Tun kafin masu kunu su gama sauke tukwanensu a bakin tashar Dakoro, Mutari mai gyaran kwamfuta ya riga ya buɗe shagonsa. Yakan yayyafa ruwa a ƙofa, ya shimfiɗa farin ƙyalle bisa tebur, ya jera turnabis ɗinsa na kwance kusoshi daga babba zuwa ƙarami, ya ajiye murfin gwangwani inda yake zuba 'yan kusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. Sannan ya zauna, kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Shekara goma sha tara ke nan yana haka. Bana idanunsa sun fara gajiya, ya ce in damina ta wuce zai ajiye aiki.

Mai wannan rubutu bai yi lakkol, wato makarantar boko, mai nisa ba. Igiya da guga yake saidawa a rumfar da ke daura da shagon, kuma ba ya yabon mutum don kawai suna gaisawa. Abin da ido ya gani za a faɗa.

An ga mushen lakkol, wato malamin makaranta, ya zo daga Kornaka da na'ura cikin buhu, ya koma da ita tana aiki. An ga Mutari ya kori wani saurayi da ya so a buɗe masa hotunan da ke cikin kwamfutar maƙwabciyarsa. Amma aikin da ya sa aka ɗauki alƙalami shi ne na Fadimata.

Fadimata matar marigayi Rhissa ce, likitan dabbobi wanda ya yi shekaru yana yawo a rugage tsakanin Roumbou da Adjekoria. Duk inda ya sauka yakan ɗauki muryoyi: tsofaffi suna ba da labarin rijiyoyi, makiyaya suna kiran shanu da sunayensu. Da ya rasu, Fadimata ta riƙa buɗe kwamfutarsa kowace la'asar. Ba ta taɓa kome. Takan dubi hoton raƙumin da ya sa a fuskar na'urar, da yadda ya jera abubuwansa, ta ji kamar ya fita ne zai dawo. Sai wata rana na'urar ta fara ƙwas-ƙwas daga ciki, tana daɗewa kafin ta farka.

Ta kawo ta naɗe cikin zane. Mutari ya kara kunne a jikinta.

“Hajiya, diskin da ke ciki ya tsufa. Faifai ne mai juyawa, kuma ya kusa tsayawa.”

“An ce mini a wanke ta a zuba sabon abu. Malam Mutari, ni ba sabuwar ordinater nike so ba. So nike ta tashi yadda ya bar ta.”

“To ƙaura za mu yi mata. Mu kwashe gidan gaba ɗaya, da ƙofa da murhu, mu kafa shi wani wuri.”

Sabon wurin shi ne diskin da ake ce wa SSD, wanda babu abin da ke juyawa cikinsa. Wanda aka samo daga Maradi giga ɗari biyu da arba'in yake ɗauka. Kayan Rhissa kuwa sun haura ɗari uku. Jaki ɗaya, kayan jaki ɗaya da rabi.

Kafin ya taɓa kome, Mutari ya kwafe tsohon diskin kakaf cikin wani babban diski nasa, a hankali, kamar mai fitar da mara lafiya daga ɗaki. A kan wannan kwafi ya yi sauran aikin. Da ya duba sai ya yi dariya. Rhissa, da tsoron asara irin na mai dabbobi, kowane abu sau uku ya ajiye shi, a wurare uku, da suna ɗaya.

“Ku Buzaye! Mijinki ko butar shayi ukku-ukku yake saye?”

Fadimata ta ce, “Ku fa? Rumbu ya ruɓe tun zamanin kaka, ba ku yarda a rushe.”

Da wani mai gyara ne, da a minti biyar ya share biyu ya bar ɗaya, ya ce ai iri ɗaya ne. Mutari ba haka yake aiki ba. Ba ya share abin mutum sai mai shi yana zaune, kuma suna bai ishe shi shaida ba. Sai ya gwada nauyi, ya gwada tsawo, in ya ga bambanci ko na daƙiƙa ne, ya kunna a saurara har ƙarshe.

Kwana huɗu Fadimata tana zuwa bayan azahar. Zafi yakan kwantar da tasha, 'yan kabu-kabu su yi barci bisa baburansu, shagon kuma ya cika da wata duniya. Ka ji guga tana faɗawa rijiya mai zurfi, ka ji jaki yana ja, ka ji tsohuwa tana lissafa ruwan shekarun da babu wanda ya gani. Iskar arewa tana bugun makirfo. Har masu sayen igiya sukan manta abin da ya kawo su.

Ran na ukku suka iso wani faifan murya mai suna “Rijiyar Harouna”. Kwafi biyu minti ashirin-ashirin. Na ukku ashirin da shida.

“Mun ji shi sau biyu, share kawai,” in ji Fadimata, don ta gaji.

“A'a, Hajiya. Minti shidan nan ban san mi ke ciki ba.”

Ya kunna. Tsoho Harouna ya gama labarin rijiyarsa, aka yi sallama. Ashe Rhissa ya manta bai kashe na'urar ɗaukar murya ba, ya jefa ta aljihu, ta katse a hanya, ta sake ci gaba da ɗauka a ƙofar gida. Sai ƙarar ƙyaure. Sai takalmi bisa rairayi. Sai muryarsa, ba irin ta aiki ba, ta gida, a gajiye:

“Fadimata! Na dawo. Akwai wuta?”

Daga can ciki wata murya ta amsa tana dariya: “Wa ya ce ka daɗe?”

Fadimata ta ja lulluɓi ta rufe fuska. Mutari ya tashi ya fita, ya tsaya cikin rana yana duban hanya, har ta kira shi da kanta.

Ran na huɗu kaya suka sauko ƙasa da ɗari biyu. Ya matse filin diskin ya daidaita da sabon wuri, ya juye kome a ciki, har da ɗan ɓoyayyen sashen da ke tada na'ura, wanda in aka manta shi gida ba ya da ƙofa. Ya ɗaura kusoshi. Ya tura mata kwamfutar.

“Ke za ki kunna.”

Ta danna. Shiru. Babu ƙugin nan da ta saba ji shekara da shekaru.

“Ta mutu,” ta ce a hankali.

“Dubi gabanki.”

Raƙumin yana nan. Kome yana inda Rhissa ya bar shi, har wasiƙar da ya fara bai gama ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Sa mini na ƙofar gida.”

Mutari, kai ne mai haƙurin da babu wanda ya biya ka shi. Kai ne ka tsaya kan minti shida ranar da mai su ma ta haƙura. Babu takardar yabo a bangon shagonka, kuma ba ka taɓa nema ba. Mun gode. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma samari masu buɗe shaguna a kowace kwana, da saurin hannu da saurin baki, ku je ku zauna wurinsa tun damina ba ta wuce ba. Turnabis kun iya riƙewa. Ku koyo zama da sauraro har ƙarshe, don kowace la'asar akwai gida ɗaya a garin nan inda ake buɗe ƙyaure a ce an dawo, kuma ana amsawa.