Daddawar da Na Ajiye

A shekarata ta biyu a Guangzhou ne Mama ta kwanta ciwo. Ina karatun noma a jami'a, ni kaɗai ne Kirista cikin ɗaliban Arewa, ƙauyenmu kuwa ba waya. Abin da ya haɗa ni da gida shi ne wani Alhaji ɗan Kano mai sarin tufafi a kasuwar Shisanhang, wanda yake zuwa duk bayan wata huɗu. Baba yakan ɗauki magana a kaset ya ba direban motar Kano, direba ya kai rumfar Alhaji, Alhaji ya ƙetaro mini da shi.

A zuwansa na watan Janairu ya haɗo da wani ƙunshi. "Karɓi kayanka, ɗan mai bishara," in ji shi. "Tun daga Kano jakata take tashi, Sinawa sai toshe hanci suke." Daddawa ce curi goma sha biyu, da garin kuka.

Baba mai bishara ne a ƙaramar ikilisiyar ƙauyenmu, kuma bai iya gaisuwa ba sai da wa'azi. A kaset ɗin ya ɗauko tafiyar Isra'ilawa a jeji. Ya ce girgije ne yake yi musu jagora, in ya tsaya su tsaya, ko da shekara zai yi. Ya ce kowace safiya abinci yakan sauko musu, aka ce kowa ya ɗebi na yini kada ya ajiye, masu kunnen ƙashi suka ajiye, gari ya waye ya yi tsutsa. Sai da ya gama duk wannan ya ce, "Mamanka ba ta jin daɗi. Kada ka zo. Girgijenka bai tashi ba tukuna."

Daga nan muryar Mama ta shigo, can ƙasa-ƙasa. "Da hannuna na yi daddawar nan. Ka ci, kada ka ajiye. Na san halinka."

Ta san shi kuwa. Ni ne yaron da yake ɓoye nama a gefen kwano har kowa ya tashi.

Alhaji ya ga yadda fuskata ta sauya, ya ce in ina son tafiya in faɗa, a san yadda za a yi. Na ce Baba ya hana. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ka zauna, Allah Ya ba ta lafiya." Na zauna, raina yana ɓaci. Har wani alfahari na riƙa ji cewa na bi magana mai wuya.

Mai sauƙin, wato ta Mama, ita ce ta gagare ni. Duk ran da na ɗora tukunya na ɗauko curi ɗaya, sai zuciyata ta ce in wannan ce ta ƙarshe fa? Sai in ga kamar in na cinye, na yarda ke nan ta tafi. Na naɗe daddawar a jarida, na sa a gwangwanin biskit tare da kukar, na tura ƙarƙashin gado. A garinmu daddawa takan shekara a rataye ba abin da zai same ta, ban taɓa tunanin akwai ƙasar da ba haka ba. Ran Lahadi in na dawo sujada sai in buɗe, in shaƙi ƙamshin ɗakin girkinta, in rufe.

A watan Maris aka kai mu gonar gwaji mako biyu. Muna can damshin garin nan ya sauko, irin wanda bango yake zufa, daɓe ya jiƙe, riga ta kwana uku a igiya ba ta bushe ba. Da na dawo na buɗe gwangwanin, daddawar ta yi fumfuna kore da fari, kukar ta dunƙule, ƙananan tsutsotsi suna yawo a jaridar. Na kankare da wuƙa, cikin ma ya ruɓe. Na sauka da ita wurin matar da take gadin ɗakunan kwananmu, da guntun Sinancina na tambaye ta ina zan shanya. Ta nuna sama ta ce, "Meiyou." Babu. Kwana tara ban ga rana ba. A na goma na zubar, ko curi ɗaya ban ci ba.

Alhaji ya dawo a watan Mayu ba ƙunshi. Bai yi mini tsiya ba wannan karon. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sai haƙuri. Allah Ya ba ku dangana."

Muryar Baba kaɗai ce a kaset ɗin, kuma ba wa'azi. Ya faɗi ranar da Mama ta rasu da waɗanda suka zo jana'iza. Can ya ce, "A makonta na ƙarshe ta yi ta tambaya ko ka ci daddawar. Na ce mata ka cinye tas, ɗanmu ba ya ƙetare magana. Ta ji daɗi ƙwarai. In za ka aiko amsa, ka gaya mana yadda miyar ta yi."

Har yau in aka karanta labarin nan na Isra'ilawa a coci, mai wa'azi yakan yi ta faɗa a kan taurin kan mutanen da suka ajiye abinci. Ni ba na iya ganin laifinsu. Ina jin a cikinsu akwai wanda tsoro ne kawai ya kama shi, kada gari ya waye babu.

Kwana uku Alhaji ya yi yana jiran amsata. Na sayi sabon kaset, na gai da Baba, na gai da ƙannena ɗaya bayan ɗaya, na ce karatu lafiya. Da na zo kan miyar sai na yi shiru, kaset yana ta juyawa har ya kai ƙarshe. Haka na ba Alhaji ya kai. Baba bai sake tambayata ba.